Birgediya Zakariya Maimalari (1930–1966): Hafsan da Ya Buɗe wa Samarin Arewa Ƙofar Aikin Soja

Sunan barikin Maimalari da ke Maiduguri ya yi ta yawo a bakin 'yan jarida tun daga 2013, lokacin da aka kafa Runduna ta 7 ta sojan ƙasa a can domin yaƙi da Boko Haram. Amma idan aka tara matasanmu aka tambaye su wane ne Maimalari, kaɗan ne za su amsa daidai, wasu ma zaton su sunan unguwa ne. Alhali kuwa mai wannan suna yana cikin 'yan Nijeriya biyu na farko da suka fito daga makarantar hafsoshi ta Sandhurst a Ingila, kuma shi ne babban wa ga dukan hafsoshin Arewa na farko. Tun da yake kusan kowace shekara sai mun raka 'ya'yanmu tasha za su tafi Zariya ko Kaduna neman aikin soja, mun ga ya dace a bana mu kawo tarihinsa.

An haifi Zakariya a 1930 a ƙauyen Maimalari, cikin ƙasar Yusufari, can arewacin Jihar Yobe ta yau, dab da iyakar Nijar. A wancan zamani yankin yana ƙarƙashin Lardin Borno. Ƙasa ce ta rairayi da kiwo, inda karatun allo ya kafu tun kaka da kakanni, karatun boko kuwa sai ɗai-ɗai. Yaron da aka sa a boko a lokacin sai ya bi ta elementare, ya wuce Midil, sannan idan ya yi fice ƙwarai a zaɓe shi zuwa kwaleji ɗaya tak da ke tara zaɓaɓɓun yaran lardunan Arewa. Ita ce wadda aka kafa a Katsina a 1921, aka mayar da ita Kaduna a 1938, aka sake ɗauke ta zuwa Zariya a 1949, wadda a yau muke kira Barewa. Daga cikinta Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka fito, a cikinta kuma Zakariya ya yi karatu.

Sai mun san yadda ake kallon soja a Arewa a waɗannan shekaru kafin mu gane girman abin da ya yi. Ɗan kwaleji a lokacin an riga an shata masa hanya: ko ya zama malamin makaranta, ko malamin En'e, ko ya shiga aikin asibiti ko na gona. Soja kuwa, a idon iyaye, aikin wanda ya gagari gida ne. Ba a manta ba cewa da baƙaƙen sojoji Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, ba a kuma manta yadda aka riƙa matsa wa hakimai da dagatai su kawo samari lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ba. Duk da wannan ƙyama, talakawan Arewa su ne ƙashin bayan rundunar, har Hausa ta zama harshen bariki. Sun yi yaƙi a Habasha, sun yi a dazuzzukan Bama cikin Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Sai dai komai jaruntar baƙin mutum, iyakarsa igiya a hannu: kofur, saje, samanja. Anini a kafaɗa na Bature ne. Samanja Chari Maigumeri, mutumin Borno, wanda barikin Lakwaja ke ɗauke da sunansa, ya ga yaƙin duniya na farko da na biyu, amma sai a ƙarshen aikinsa aka ba shi muƙamin kyaftin na girmamawa.

A cikin wannan hali ne Zakariya da abokinsa Umar Lawan suka sa kaki a 1950. Aka tura su Sandhurst, suka fito da anini a 1953. Ba su ne baƙaƙen hafsoshi na farko ba, domin kafin su an riga an ɗaga wasu daga cikin masu igiya, irin su Wellington Bassey da Aguiyi-Ironsi da Samuel Ademulegun, waɗanda suka sami anini a 1949 bayan gajeren kwas. Bambancin shi ne, su waɗannan biyu tun daga tushe aka rene su a matsayin hafsoshi, a makaranta ɗaya da 'ya'yan Turawa, da jarrabawa iri ɗaya. Umar Lawan bai daɗe a aikin ba. Nauyin ya koma kan Zakariya shi kaɗai.

Abin da ake cusa wa ɗalibi a irin wannan makaranta ya wuce harbi da karatun taswira. Ana koya masa cewa mutanen da aka ba shi amana ce a wuyansa. Idan an yi doguwar tafiya, sai ya duba ƙafafunsu kafin ya cire nasa takalmin. Sai sun ci sannan ya ci. Ya san sunan kowa, ya san wanda matarsa ba ta da lafiya da wanda bashi ya yi wa katutu, kada kuma ya umarci soja da abin da shi kansa ba zai iya ba. Faɗin wannan a aji abu ne mai sauƙi. Wahalar tana ga saurayi ɗan shekara 23 da ya dawo gida aka ɗora shi a kan tsofaffin sajoji da suka sha wuya a Bama, waɗanda wasunsu sun haife shi, kuma ba su saba sara wa baƙin mutum ba. A ɗakin cin abincin hafsoshi kuma Turawa ne kewaye da shi, kowa na jiran ya ga inda zai yi tuntuɓe. Mu da muka yi aikin koyarwa mun san ɗan kwatankwacin haka, idan aka turo matashi mai takarda ya shugabanci makarantar da tsofaffin malamai suka yi shekara ashirin a ciki. Takardarsa ba ta saya masa komai a makon farko. Ana kallon lokacin zuwansa ne, da yadda yake shiga aji, da yadda yake raba aiki. Shi Zakariya ba shi da wani wa a gabansa da zai kwaikwaya ko ya kai wa kuka, kuma da ya fāɗi, da an daɗe ana kafa hujja da shi a kan duk wani ɗan Arewa da ya nemi anini.

Bai fāɗi ba, hanyar kuma ta buɗe. Kur Mohammed da Abogo Largema, su ma 'yan Lardin Borno, suka bi sawunsa zuwa Sandhurst, sai Yakubu Pam daga Filato. Yakubu Gowon ya shiga a 1954. A 1956 Sarkin Katsina Usman Nagogo ya ba da ɗansa Hassan, abin da ya sa bakin masu cewa soja ba aikin ɗan babban gida ba ne ya mutu. A 1958 Murtala Muhammed da Muhammed Shuwa suka shiga. Duk waɗannan daga kwalejin nan ɗaya suka fito, kuma ba sai an yi dogon bincike ba kafin a gane dalili: yaro yakan so ya zama abin da ya gani da idonsa. Tun da na gaba ya je Ingila ya dawo da anini, Bature farar fata na sara masa, to na baya ma ya ga zai iya. Abin lura kuma, Pam da Gowon Kiristoci ne 'yan tsakiyar ƙasa, amma Maimalari ne babban wansu kamar yadda yake ga Largema da Murtala.

Duk da haka, lokacin da aka sami 'yancin kai a 1960, hafsoshin da suka fito daga Arewa ba su kai goma ba. Wannan ya tayar da hankalin shugabanni. A 1961, zamanin Ministan Tsaro Muhammadu Ribaɗu, aka kafa tsarin raba guraben ɗaukar hafsoshi: kashi 50 cikin ɗari ga Arewa, 25 ga Gabas, 25 ga Yamma. Aka shiga zagaya makarantun sakandare ana jan hankalin yara, hafsoshin Arewa na farko su ne abin nunawa. Gowon ya je makarantar lardi ta Bida, daga can kuma Ibrahim Babangida da Mamman Vatsa suka shiga soja a 1962. Wato wanda Maimalari ya buɗe wa ƙofa shi ma ya juyo ya riƙe wa na bayansa. Makarantun horo su ma suka yawaita. Ban da tsohon sansanin horar da kurata na Zariya da ke nan tun 1924, an kafa sashen yara a Zariya a 1954 ƙarƙashin Kyaftin Bassey, wanda ya zama Makarantar Soja ta Nijeriya. Aka buɗe kwalejin horon soja a Kaduna a 1960, sai makarantar hafsoshi ta NDA a 1964 da taimakon ƙasar Indiya.

Waɗanda suka yi aiki da Maimalari, da masu rubuta tarihin soja, sun haɗu a kan abu guda: mutum ne mai tsanani. Ba ya ƙyale sakaci, ko a fareti, ko a tufafi, ko a lokaci, kuma ƙaramin hafsa ya fi kurtu shan faɗansa. Akwai waɗanda suka ga tsananin ya yi yawa, ba kuma za mu ce duk ƙarya suke yi ba. Amma ga wani abu da ya kamata a tsaya a kansa. Wannan mutum da ake shakka shi ne kuma wanda ƙananan sojoji, musamman masu igiya, suka fi ƙauna a duk rundunar. A ganinmu babu saɓani a nan. Kurtu yaro ne da aka raba da gida, aka aske masa kai, aka karɓe kayansa, aka tashe shi kafin asuba, aka sa shi gudu da tsalle har ya manta da kansa. Duk wannan ana yi ne don ranar da za a ce ya tashi ya nufi inda harsashi ke fitowa, ya tashi ba tare da ya tsaya tambaya ba. Yaro ba ya ba da irin wannan biyayya don tsoro kawai, domin tsoron harsashi ya fi tsoron kowane hafsa. Yana bayarwa ne idan ya tabbata mai ba da umarnin ya san aikinsa, ba ya son kai wajen hukunci, kuma ba zai sayar da shi ba. Mun ga haka a makaranta. Malamin da tsofaffin ɗalibai ke nema su gaisar bayan shekara talatin sau da yawa shi ne wanda suka fi gudu suna yara, muddin dai bulalarsa ba ta san ɗan wane ba.

Rundunar da ya taimaka wajen ginawa ta yi suna a waje. Daga 1960 zuwa 1964 sojojin Nijeriya sun yi aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, har Ironsi ya shugabanci dukan dakarun majalisar a ƙarshe. A 1964, bayan sojojin Tanganyika sun yi bore, bataliyar Nijeriya ƙarƙashin Yakubu Pam aka kira ta riƙe ƙasar kafin a horar da sabuwar runduna.

Sai dai a cikin gida akwai ɓaraka da ba a lura da ita ba. Turawa suna ta tafiya, gurabe na buɗewa, ana ta ƙarin girma cikin gaggawa. Shi kansa Maimalari, kafin ya cika shekara 12 da samun anini ya riga ya zama birgediya, muƙamin da a Ingila mutum kan yi shekara fiye da ashirin bai kai ba. Sakamakon haka sai aka sami runduna wadda ba ta da dattawa. Tsakanin birgediya da manjo bai fi 'yan shekaru ba. Ga kuma sababbin hafsoshi masu digirin jami'a da ke ganin sun fi na gaba da su ilimi, suna karanta labarin juyin mulkin Masar da na wasu ƙasashe, suna kallon rikicin zaɓen 1964 da na Jihar Yamma a 1965 da ɓacin rai. Tarbiyya kuwa tana son lokaci, tana son tazara tsakanin mai bayarwa da mai karɓa, rundunar nan kuma ba ta sami ko ɗaya ba.

A farkon 1965, da Janar Welby-Everard, Baturen ƙarshe da ya shugabanci sojan Nijeriya, zai tafi, sunaye huɗu aka duba: Ironsi, Ademulegun, Ogundipe da Maimalari. Shi ne ƙaraminsu a shekaru, shi kaɗai ne kuma ɗan Sandhurst, ga gwamnati a hannun jam'iyyar da ta fi ƙarfi a Arewa. Aka ba Ironsi. Maimalari ya sara masa, ya ci gaba da aikinsa na kwamandan Birged ta 2 a Legas. Wannan ma darasi ne da ya bai wa na ƙasa da shi ba tare da ya buɗe baki ba.

Babban mataimakinsa a ofishin birged, wanda duk takarda da umarni ke bi ta hannunsa, shi ne Manjo Emmanuel Ifeajuna. Sananne ne tun kafin ya shiga soja, domin shi ya ciyo wa Nijeriya lambar zinariya a wasan tsalle a gasar ƙasashe renon Ingila da aka yi a Kanada a 1954, kuma ya yi jami'ar Ibadan. Shekara biyar kacal Maimalari ya ba shi. Wannan muƙami ba a ba wa kowa sai wanda kwamanda ya amince da shi kamar hannunsa na dama.

Daren Juma'a, 14 ga Janairu 1966, cikin watan azumi, kwana biyu bayan kammala taron shugabannin ƙasashe renon Ingila a Legas, Maimalari ya yi liyafa a gidansa da ke Ikoyi. Manyan hafsoshi sun halarta, har da Ironsi, da Gowon wanda dawowarsa ke nan daga kwas a Ingila, har da wasu daga cikin waɗanda suka riga suka shirya abin da zai faru. Bayan an watse, masu shirin suka taru a gidan Ifeajuna a Apapa suka raba aiki. Aka tura Manjo Okafor, kwamandan dakarun da ke gadin gwamnatin tarayya, ya kamo Maimalari. Pam ya buga masa waya ya gargaɗe shi, masu gadin gidansa kuma suka ƙi buɗe hanya, ya samu ya fice ta baya cikin duhu, ya nufi bariki da ƙafa. A hanya ya hangi motar Ifeajuna. Ya gane ta, ya ɗaga hannu ya tsayar da ita, don a zatonsa ga yaronsa Allah ya kawo masa. A nan aka harbe shi. Yana da shekara 35. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa.

A wannan juyin mulki aka kashe Firayim Minista Tafawa Ɓalewa, da Sardauna, da Akintola, da Okotie-Eboh. Cikin sojoji aka kashe Ademulegun da Shodeinde a Kaduna, da Kur Mohammed da Pam da Largema da Unegbe a Legas. Wato hafsoshin Arewa huɗu mafi girma, waɗanda aka yi shekara 15 ana renon su, sun tafi a dare ɗaya. Abin da ya faru a Kaduna kuma ya shafi batunmu kai tsaye. Manjo Nzeogwu shi ne babban malami a kwalejin horon soja, ya kuma fitar da sojoji da sunan atisayen dare da aka sa wa suna Damisa. Da yawa daga cikin waɗanda suka bi shi zuwa gidan Sardauna, har da 'yan Arewa, ba su san inda za su ba sai da aka isa. Sun bi shi ne saboda an koya musu bin malaminsu. Biyayyar da aka sha wuya aka dasa a zukatan samari ita aka ɗauka aka yi ɓarna da ita, a Legas kuma yardar babba ga ƙarami ita ta kai shi ga ajalinsa.

Abin da ya biyo baya ba abin alfahari ba ne ga kowa. Ƙananan sojojin Arewa sun yi wata shida suna cizon yatsa, ganin ba a gurfanar da masu laifin gaban kotun soja ba, kuma mutuwar Maimalari tana cikin abin da ya fi yi musu zafi. Daren 28 ga Yuli 1966 abin ya fashe a barikin Abeokuta. Aka kashe Ironsi da Fajuyi a Ibadan, aka kashe hafsoshi da sojojin Gabas masu yawa waɗanda ba su da hannu a abin da ya faru a Janairu, daga baya kuma fitinar ta faɗa kan farar hula. Birgediya Ogundipe, wanda ya fi kowa girma a lokacin, ya ba wani saje umarni, sajen ya ƙi bi. Dole mu faɗi gaskiya a nan: waɗanda suka ce suna rama wa Maimalari sun rushe abin da ya ƙare rayuwarsa yana ginawa, domin mutumin da ya sara wa Ironsi ba tare da gunaguni ba ba zai yarda saje ya ƙi umarnin birgediya ba. Gowon ya karɓi mulki yana da shekara 31. Ifeajuna kuwa, gwamnatin Biyafara ce ta harbe shi a Inugu a Satumban 1967.

Yaƙin basasa ya kumbura rundunar daga wajen mutum 10,000 zuwa kimanin 250,000 a 1970. Aka riƙa horar da kurata cikin 'yan makonni ana tura su bakin daga, ƙarƙashin hafsoshin da su ma ba su gama koyo ba. Mu da muka taso bayan yaƙin mun ga irin sojan da wannan gaggawa ta haifar a kasuwanni da tashoshin mota, an kuma daɗe ana gyara. Matsalar ba ta ƙare ba. A Mayun 2014, a cikin barikin da ke ɗauke da sunan Maimalari, sojoji suka harbi motar kwamandansu bayan an kawo gawarwakin 'yan'uwansu da aka yi wa kwanton ɓauna a hanyar dawowa daga yankin Chibok. Kotun soja ta yanke wa 12 hukuncin kisa a Satumba na shekarar, daga baya aka sassauta zuwa ɗaurin shekara goma. Laifinsu laifi ne a dokar soja, amma kukansu shi ne an tura su cikin haɗari ba tare da an damu da rayukansu ba.

Maimalari ya bar 'ya'ya ƙanana. Ɗaya daga cikinsu, Abubakar Sadiq Zakariya Maimalari, ya girma ya shiga aikin mahaifinsa, ya kai muƙamin laftanar kanar, aka naɗa shi kantoman soja na Jihar Jigawa a Agustan 1998, zamanin Janar Abdulsalami Abubakar. Shi ne ya miƙa mulkin jihar ga zaɓaɓɓen gwamna, Ibrahim Saminu Turaki, ranar 29 ga Mayu 1999.